Tsohuwar fitilar tebur: nawa ne kuɗin ƙarfe, nawa ne kuɗin suna?

Dillalan tsofaffin kaya a Landan da Berlin da New York suna da maganganu uku da suke maimaitawa duk lokacin da suka fito da fitilar tebur ta shekarun 1930 zuwa 1960. Ta farko, ba ta mutuwa. Ta biyu, sayen nagari mayar da kuɗi gida. Ta uku, darajarta hawa take yi, don haka jari ce. Hotunan waɗannan fitilu suna shigowa wayoyinmu ta eBay da Instagram, kuma suna shiga ran mai son tebur mai tsari. Ni ma sun shiga raina. Shi ya sa na ɗauki biro da takarda kafin in buɗe jaka.

Mu fara da abin da ba a musu a kansa. Ƙirar tana da kyau, kuma tana da dalili. George Carwardine injiniyan motoci ne a garin Bath na Ingila, gwani a kan sifirin da ke ɗaukar nauyin mota. A 1932 ya yi rajistar wani hannun ƙarfe da sifirin ke riƙe da shi, duk inda ka tura shi nan zai tsaya. Ya ba kamfanin Herbert Terry and Sons na garin Redditch izinin ƙerawa, domin su sana'arsu ke nan, yin sifirin. A 1935 suka fitar da Anglepoise 1227 mai sifirin uku. A 1937 wani ɗan Norway, Jac Jacobsen, ya sayi izinin wannan dabara, ya yi tasa mai suna Luxo L-1. A Amurka, Harry Dazey da Albert Perbal suka kafa Dazor a St. Louis a 1938. A Jamus, Christian Dell, wanda ya taɓa riƙe maƙerar makarantar Bauhaus, ya zana wa kamfanin Gebrüder Kaiser fitilun da ake kira Kaiser Idell. A Lyon ta Faransa, Jean-Louis Domecq ya gaji da fitilun da wayarsu ke tsinkewa a gaɓa, ya zana Jieldé a 1950, wadda wuta ke ratsa gaɓoɓinta ba tare da waya ta lanƙwasa ba. Yawancin waɗannan kayan aiki ne. An yi su domin teburin akawu, da mai zanen gini, da bakanike, da likita. Ba a yi su domin falo ba.

To, maganar farko: ba ta mutuwa.

Fitila kashi biyu ce. Akwai ƙarfe, akwai wuta. Ƙarfen yana daɗewa, wannan gaskiya ne. Gindin ƙarfen zubi ba abin da zai same shi sai tsatsa. Hannun da kwanon saman za su iya kai shekara ɗari idan ba a yar da su ƙasa ba. Amma ɓangaren wuta, wato waya da makunni da mazaunin ƙwai, yana da wa'adi. Wayar wancan zamani roba ce aka naɗe da zare. Roba tana bushewa, tana tsagewa, tana marmashewa. A fitila mai hannu abin ya fi muni, domin wayar tana bi ta cikin ƙarfe, kuma tana lanƙwasa duk lokacin da aka motsa fitilar. A ce ana motsa ta sau biyar a rana, kwana 250 a shekara, tsawon shekara 30 a ofis. Lanƙwasa 37,500 ke nan a wuri guda. Da yawa daga cikinsu kuma waya biyu ce kawai, babu ta uku mai kai ɓatacciyar wuta ƙasa. Idan robar ta buɗe a cikin hannun, jikin fitilar gaba ɗaya ya zama waya mai rai, kuma hannunka ne zai fara sani.

Saboda haka idan dillali ya ce fitilar tana aiki kamar ranar da aka yi ta, ɗayan biyu ne. Ko an sauya mata waya, to rabin da ke aiki ba na 1950 ba ne, na bara ne. Ko ba a sauya ba, to bai kamata a jona ta ba.

Akwai labarin da ake yawan kafa hujja da shi. Wani jirgin yaƙin Birtaniya samfurin Wellington ya faɗa tafkin Loch Ness a ranar ƙarshe ta 1940, aka ciro shi a 1985. Ana cewa ƙaramar Anglepoise ta mai duba hanya ta kama da aka sa mata sabon batir. Mu karɓi labarin yadda yake. Fitila ɗaya ce. Wutar batir ce, ba ta soket ba. Shekara 44 da ɗoriya tana kwance cikin ruwan sanyi, ba wanda ya kunna ta, ba wanda ya lanƙwasa ta. Wannan bai gaya mana komai ba game da fitilar da za ta sha bolt 230, awa huɗu kullum, a ɗaki mai zafi.

Sannan akwai kuskuren da mu ma muke yi a nan gida. Mukan ga tsohuwar Peugeot 504 tana jan kaya, ko keken ɗinki Singer na kaka yana aiki, mu ce kayan da sun fi ƙarko. Waɗanda suka rage muke gani. Waɗanda suka lalace 'yan gwangwan sun auna su a sikeli tun tuni. Fitilun ma haka ne. Kuma wancan zamanin ba na waliyyai ba ne. A watan Disamba na 1924 manyan masu yin ƙwan lantarki, ciki har da Osram da Philips, suka haɗu a Geneva suka amince kada ƙwai ya wuce awa 1,000. Ƙungiyar, mai suna Phoebus, ta watse da zuwan yaƙin duniya na biyu, amma awa 1,000 ta zauna a matsayin ma'auni. Mai kunna fitila awa huɗu a rana yana cin awa 1,460 a shekara. Ƙwai uku ke nan duk shekara biyu.

A nan sai in yi wa dillali adalci. Kuɗin wuta ba hujja ba ce a kan tsohuwar fitila, muddin mazaunin ƙwanta na yau da kullum ne. Ƙwai mai wat 60, awa 1,460, yana shan yunit 87.6 a shekara. Ƙwan LED mai wat 9 yana ba da haske daidai da shi, yana shan yunit 13.1. A farashin da aka sanya wa masu amfani da wuta na rukunin A a Najeriya a watan Afrilu na 2024, naira 225 kowane yunit, na farko naira 19,710 ne, na biyu bai kai naira 3,000 ba. Bambancin ya haura 16,700. Amma ƙwan LED yana shiga Anglepoise ta 1950 kamar yadda yake shiga fitilar da aka yi jiya, domin mazaunin ƙwai mai fil biyu na Ingila shi ne wanda muka gada. Ke nan wannan ragi na ƙwai ne. Ba na tsohuwa ba ne, ba na sabuwa ba. A cire shi daga lissafin ɓangarorin biyu.

Fitilun Amurka ba su samu wannan sauƙi ba. Wutarsu bolt 120 ce, tana juyawa sau 60 a daƙiƙa. Tamu 230 ce, sau 50. Idan mai ƙwai ce zalla, a sauya waya da mazauni da filogi, an gama. Amma Dazor da mutane suka fi so ita ce mai dogon ƙwai biyu, kuma ita tana da cok a ciki, wato naɗin wayar da ke taƙaita wutar da ke shiga ƙwan. Cok ɗin an naɗa shi ne domin wutar Amurka. Ka sayi taransifoma mai rage wuta, ka gyara bolt, amma ba ka gyara juyin ba, taransifoma ba ta yin wannan. Daga 60 zuwa 50 ragin kashi ɗaya cikin shida ne, kuma da wannan ragin cok yakan bar wuta ta wuce fiye da ƙima, ya ɗauki zafi. Ga shi kuma Tarayyar Turai ta hana shigar da sababbin dogayen ƙwai irin T5 da T8 kasuwa tun watan Agusta na 2023, don haka masu yin su raguwa suke yi. Mafita ita ce a cire cok, a sa LED. Idan aka yi haka, kwanso ka saya.

Mu zo ga magana ta biyu: sayen nagari mayar da kuɗi gida.

Zan ɗauki adadi zagayayye, mai karatu ya sa nasa a gurbinsu idan ya ga farashi na gaske. A ce Anglepoise 1227 mai kyan jiki, fam 180. Gyaran waya a hannun wanda ya iya, da sabon mazauni da wayar ƙasa da filogi mai fis, fam 50. Kuɗin aikowa fam 60, domin gindin yana da nauyi kuma kwanon yana lotsewa, sai an yi mata akwati na musamman. Mun kai 290. A tsarin harajin shigo da kaya na ƙasashen Afirka ta Yamma, yawancin kayan da aka gama ƙerawa suna rukunin kashi 20 cikin 100. Fam 58 ke nan, mun kai 348. Harajin VAT na Najeriya kashi 7.5, fam 26. Jimla 374. Fitilar da aka rubuta wa 180 ta iso tebur a kan fiye da ninki biyu, kuma ban sa ladan mai fito da kaya ba, ban sa asarar canjin kuɗi ba.

A ɗaya gefen, sabuwar fitila mai hannu da sifirin, irin wadda ake yi da yawa a Sin, mu ce daidai da fam 15 a shago. Mu yi mata mugun zato, mu ce duk shekara uku sai ta mutu. Fam 5 ke nan a shekara. Kafin wannan kashewa ta kai 374, sai an yi shekara 75. Mu tsananta, mu ce duk shekara sai an sayi sabuwa. Shekara 20, fam 300. Har yanzu ba ta kamo tsohuwar ba. Kuma a cikin shekara 20 ɗin mun ɗauka tsohuwar ba za ta nemi ko kwabo ba, ba sifirin da zai saki, ba makunnin da zai ƙone, alhali mun san yadda wutarmu take hawa da sauka.

Haske kuwa iri ɗaya ne. Ƙwai ɗaya ne a cikinsu. Takardar da ke kan tebur ba ta san shekarun kwanon da ke samanta ba. Abin da tsohuwar ta fi shi ne tsayuwa: ka tura ta, ta tsaya cak, ba ta sunkuyowa da kanta bayan minti goma. Na yarda wannan abin biya ne. Mai zane ko mai gyaran agogo ya san darajarsa. Amma a kira shi da sunansa, jin daɗi ne da ake saye da fam 359 na ƙari. Kuɗin ba gida suka koma ba.

Magana ta uku ita ce ta fi damuna, domin ita ce ke sa mutum ya sayi abin da ba ya bukata: wai jari ce.

Jari yana da ƙofar shiga da ƙofar fita, kuma a kowace akwai mai karɓa. A gidajen gwanjon Turai, mai saye yana biyan la'ada a kan farashin da aka buga guduma, sau da yawa wajen kashi 25 cikin 100. Mai sayarwa ma ana cire masa tasa, mu ce kashi 15. An buga guduma a kan fam 200. Ka biya 250. Da za ka mayar da ita washegari a buga a kan 200 ɗin, 170 za ka karɓa. Ka yi asarar 80 ba tare da farashi ya motsa ba. Domin 250 ɗinka ta dawo, sai an buga a kan 294, wato hawan kashi 47. Ka ƙara gyaran waya na fam 50, uwar kuɗi ta zama 300, sai an buga a kan 353, hawan kashi 76. Ka riƙe ta shekara goma. Ko da hauhawar farashi ta tsaya a kashi 2 da Babban Bankin Ingila yake hari, 300 ta yau 366 ce a lokacin. Domin ka karɓi 366 bayan la'ada, sai an buga guduma a kan 430. Farashi ya ninka har da ɗori, kai kuma ba ka ci ko fam ɗaya ba. Wanda ya kawo ta Kano ko Maraɗi lissafinsa ya fi wannan muni, domin masu sayen suna can inda ta fito, sai ya sake biyan jirgi.

Me zai sa farashi ya ninka? Ƙarancin kaya. To mu duba ƙarancin. Kamfanin Luxo da kansa yana alfahari cewa an sayar da L-1 sama da miliyan 25. A ce 99 cikin kowace 100 sun ɓace, saura 250,000. Anglepoise 1227 an yi ta fiye da shekara 30, daga 1935 har ƙarshen shekarun 1960, tana shiga ofisoshi da asibitoci da makarantu da yawan gaske. Mai gindi hawa uku ta shekarun farko ta fi wuya. Mai hawa biyu, wadda ta biyo baya kuma ita ce akasarin abin da ke kasuwa, duk lokacin da aka kwashe kayan wani tsohon gida a Ingila tana iya fitowa. Abin da aka yi domin kowa ya samu ba ya zama abu mai wuya don kawai an ɗauke shi hoto mai kyau.

Sai kuma rufin da kamfanonin da kansu suka ɗora wa farashin. Anglepoise tana sake yin 1227. Fritz Hansen na Denmark yana yin Kaiser Idell. Jieldé tana nan tana aiki kusa da Lyon. Louis Poulsen bai daina yin fitilar AJ ba, wadda Arne Jacobsen ya zana wa otal ɗin SAS Royal na Copenhagen da aka buɗe a 1960, har da ramin nan na gindinta da aka yi domin mazubin tokar sigari. Muddin mai kuɗi zai iya shiga shago ya ɗauki sabuwa, da sabuwar waya da garanti, tsohuwa ta gama-gari ba za ta yi nisa da farashin sabuwar ba. Mai sha'awar siffa yana da wata ƙofa. Sauran masu saye su ne masu tara kayan tarihi, kuma su ba su da yawa.

Su ɗin ma suna da sharaɗi mai cin karo da amfani. Suna son fentin asali, makunnin asali, mazaunin asali, tambarin asali. Duk abin da ka sauya domin ka iya karatu da ita cikin aminci yana rage mata daraja a idonsu. Duk abin da ka bari domin su yana ƙara maka haɗari. Ba za ka ci biyun a fitila ɗaya ba. Dillali yana sayar maka da duka biyun a farashi ɗaya.

Sunan kamfani kuwa, a duba wa yake riƙe da shi. Luxo ta shiga hannun Glamox a 2009. Lightolier, wadda aka kafa a New York a 1904 kuma Gerald Thurston ya zana mata fitilun da ake nema a yau, ta zama reshen Genlyte, Philips ta sayi Genlyte a 2008 a kan dala biliyan 2.7, sashen fitilun Philips kuma ya koma Signify a 2018. Arteluce ta Gino Sarfatti an sayar wa Flos a 1973. Suna yana tafiya daga hannu zuwa hannu. Alhakin fitilar da aka yi a 1955 ba ya bin sa. Idan ta ƙone maka tebur, ba ofishin da za ka kai ƙara.

Kuma sunan da ke kan tallar ba lallai ne yana kan fitilar ba. A karanta kalmomin da kyau. Idan an rubuta cewa salon wane ce, ba tasa ba ce. Idan an ce ana jingina ta ga wane, ba wanda ya tabbatar. Fitilun Italiya na shekarun 1950 sun fi fama da wannan, domin ƙananan maƙeru da yawa sun yi masu kama da na Stilnovo na Milan, kuma tambarin takarda ne da ke ɓarewa, yana kuma liƙuwa. Akwai kuma haɗe-haɗe: hannun wannan shekara, gindin wata, kwanon da aka buga jiya. A hoto ba a ganewa. Cinikin biri a sama ke nan, kuma bambancin farashi tsakanin mai suna da marar suna yana iya zama ninki da yawa a kan ƙarfe iri ɗaya.

Ban ce kada a saya ba. Akwai fitilu 'yan kaɗan, masu takardun asali da tarihin hannun da suka bi, waɗanda manyan gidajen gwanjo ke sayarwa da tsada, amma wannan kasuwar masu ilimin abin ce da masu kuɗin da za su iya jira. Fitilar fam 180 ba ta cikinsu. Ita kayan aiki ce mai kyau, wadda injiniyoyi na gaske suka yi wa tunani, kuma idan na ga 1227 a tsaye a kan tebur raina yana so. Idan kana da fam 374 da ba ka jiran dawowarsu, kuma siffar ce take burge ka, saya. Rubuta kuɗin a shafin kashewa, kusa da labule da kafet, kada ka rubuta su a shafin jari. Nemi hoton tambari da na ƙarƙashin gindi da na wayar inda ta shiga hannu. Zaɓi ta Ingila ko ta Turai a kan ta Amurka, mai ƙwai ɗaya a kan mai cok. Ranar da ta iso kuma, kada ka jona ta don gwaji. Kai ta wurin mai gyaran wuta ya zare tsohuwar wayar gaba ɗaya, ya sa mai uku, ya ɗaure ta ukun a jikin ƙarfen, ya auna a gabanka.